DAGA TEBURIN AKAWU: Mazubin Abinci da Hukuncin Uwargida

A takardarmu ta watan jiya na yi muku alkawarin magana a kan kuɗin haya. To, ku yi mini gafara, wata magana ta sha gabanta, ita kuwa daga cikin gidana ta fito.

Ran Asabar da ta wuce na raka uwargida cefane, abin da na daɗe ban yi ba. Da za mu fita sai na ga ta ɗauko jakunkuna biyu na yadi, ta jefa kwano mai murfi cikin ɗaya, ta miƙo mini. Na ce, "Kasuwa za mu, ko ƙaura?" Ta ce, "Malam, kai dai riƙe jaka, ka zuba ido."

Muka fara da babbar kasuwar kifi ta Deira, watau Waterfront Market, wadda aka buɗe cikin 2017 a madadin tsohuwar. Da aka gyara mata kifi sai ta miƙa kwanonta aka zuba, ta rufe. Daga nan muka shiga kanti. Ga tumatir iri biyu, ɗaya an jera shi bisa ɗan faranti an naɗe da leda mai sheƙi, ɗaya kuwa a zube. Ta tsaya ta tsinci na zube ɗai-ɗai. Shinkafa ma babban buhu ta ɗauka, ta bar ƙananan ƙunshi. Na ce a raina, ashe matar nan ta shiga yaƙi da leda ban sani ba. Amma da muka zo wajen dabino, ga wani cikin kwali mai kyau, an zana koren ganye a jikinsa, an rubuta wai ba ya ɓata ƙasa, sai ta juya shi, ta dubi kuɗin, ta mayar, ta ɗauki wanda ke cikin roba mai murfi. Na ce, "Af! Yaya kuma haka?" Ta ce, "Wancan kwali yau zan yar da shi. Wannan roba kuwa shekara za ta yi tana riƙe mini yaji da daddawa. Wanne ya fi cika bola?"

Jama'a, na rasa amsa. Tun ran nan na ke ta juya maganar, har na bi 'yan gidaje na tambayi iyayenmu mata da ƙannenmu. Abin da na samo shi ne na kawo muku yau.

Da fari bari mu tuna yadda doka ta zo, saboda baƙi da waɗanda suka manta. Ran 1 ga Yuni 2022 Abu Dabi ta hana ledar cefane, irin wadda a ke amfani da ita sau ɗaya a yar. Bayan wata guda, ran 1 ga Yuli 2022, Dubai ta sa wa irin wannan jaka kuɗi, fils 25, watau jaka huɗu dirhami guda. A ƙarshen 2023, bayan an tashi daga babban taron duniya na sauyin yanayi da aka yi a nan Expo City, Yarima mai jiran gado, Shaihu Hamdan bin Muhammad, ya fitar da doka mai lamba 124 ta wannan shekara, wadda ta tsara hani hawa-hawa. Ya zuwa 1 ga Yuni 2024 an hana kantuna ba da jakar yarwa, ta leda ce ko ta takarda. Ran 1 ga Janairu 2025 hani ya hau kan farin mazubin nan mai kama da soso da a ke zuba abinci a tafi da shi, da kofinsa, da tsinken roba na shan lemo. Sa'an nan doka ta ajiye 1 ga Janairu 2026 don faranti da cokali da kofi da mazubin abinci na roba na yarwa. Wanda ya karya doka tararsa dirhami 200, in ya sake cikin shekara a ninka masa, har ta kai 2,000. 'Yan'uwanmu masu kanti da masu gidan abinci sai su kula.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Doka ba ta hana 'yar siririyar ledar da a ke zuba nama da kifi da kayan miya da burodi ba. Ba ta kuma ce wa kowa ya sayi tumatir na zube ya bar na faranti ba. A nan wurin babu ɗan doka, babu tara, mai cefane kaɗai ke da hukunci. A gidajenmu kuwa wa ke cefane, wa ke girki, wa ya san abin da ke shiga kwandon shara? Kowa ya san amsa. Saboda haka na ke cewa, gwamnati ta yi rabin aikin, sauran rabin yana hannun mata.

Wani zai ce, me ya yi zafi haka a kan 'yar leda? To, ya saurara. Akwai wani likitan dabbobi Bajamushe, Dokta Ulrich Wernery, wanda ya daɗe yana aiki a babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na nan Dubai. Cikin wani rahoto da shi da abokan aikinsa suka buga a 2021, sun ce cikin raƙuma kamar 30,000 da aka duba gawarsu tun 2008, kamar 300 an sami dunƙulen leda da igiya a cikinsu. Wani dunƙulen nauyinsa ya wuce kilo 60, watau ya fi buhun siminti. Raƙumi ya ci leda mai ƙanshin abinci da masu yawon shaƙatawa suka bari a hamada, ba ta narkewa, sai ta yi ta taruwa. Ya ji cikinsa a cike ya daina kiwo, yunwa ta kashe shi alhali yana ganin a ƙoshe ya ke. Mu ba baƙin wannan labari ba ne. Wane ne bai taɓa ganin mahauci ya feɗe ragon layya ya zaro baƙar leda daga tumbi ba?

Mutanen Gana da ke cikinmu kuma ba za su manta da daren 3 ga Yuni 2015 a Ankara ba, sa'ad da ruwa ya cika gari, gidan mai ya kama wuta a dandalin Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Cikin abubuwan da aka ɗora wa laifin ambaliyar har da magudanan ruwa da shara ta toshe. Duk wanda ya taɓa leƙa babban kwalbatin Nima ya san irin sharar da a ke nufi. Mutanen Kano su ce leda, mu na Kumasi da Ankara mu ce roba, amma ɓarnarta ɗaya ce. Don haka Ruwanda ta hana ta tun 2008, Kenya ta bi cikin 2017, Jihar Legas kuma ta hana farin mazubin soso cikin Janairu 2024.

To, yanzu ga abin da mata suka gaya mini.

Na fara da wata dattijuwa, haifaffiyar zangon Kumasi, wadda mahaifinta fataucin goro ya yi. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, a zamaninku da me a ke ƙunshe abinci?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, a zamaninmu abinci ba ya zuwa da shararsa. Goro a huhu ya ke tafiya, an shimfiɗa masa ganyen fita, ya tashi daga Gwanja ya kai Kano bai bushe ba. Wake da shinkafa a ganye a ke ba ka, har ƙanshin ganyen ya kama shi. Koko da ƙosai, yarinya a ke aika da kwano. Mai, ka tafi da kwalbarka. Ganye in ka yar, akuya ta ci ta yi ƙiba. Leda in ka yar, akuya ta ci ta mutu." Na ɗauki alƙalami zan rubuta, sai ta ce, "Tsaya, rubuta har da wannan. Ƙuda ma ya sha shagali a lokacin, mu kuma mun sha wanke-wanke. Kada ka ce wa mutane na ce da can aljanna ce."

Na biyu yarinya ce mai 'ya'ya biyu, wadda ke fita aiki kamar mijinta. Ta ce, "Baba, ni abin da na ke fara dubawa tsabta. Ƙasar nan da rani zafi kan wuce digiri 40. Nama da kaza da madara, in ba a rufe su ke da kwanan wata a jiki ba, ba na saye. Lafiyar 'ya'yana ta fi mini kome. Amma albasa da lemo da ayaba, da Allah ya halicce su da rigarsu, don me za a sake sa musu wata, a kuma caje ni kuɗinta?" Na ga gaskiyarta gaba da baya.

Ta uku tana girki a wani gidan abinci a Deira. Ita kuwa kuka ta kawo. Ta ce tun da aka hana farin mazubin soso sun gwada iri-iri. Na tuƙar rake, watau wanda a ke yi da abin da ya rage bayan an matse ruwan rake, yana riƙe shinkafa da waina lafiya lau. Amma miyar kuka mai zafi ko miya mai manja, in aka zuba a na takarda maras ƙarfi, kafin ɗan aike ya kai, gindin ya jiƙe. Mai kyau kuwa ya fi tsada, mai saye kuma ba ya son a ƙara masa ko fils ɗaya. Ta ce, "Yaya, duk wanda ya zo da kularsa daga gida, ni har ƙarin nama na ke ji kamar in yi masa."

Da na haɗa maganganun nan da ta uwargida, sai na ga mata da ma'auni uku su ke shiga kasuwa. Na ɗaya, nawa ne? Na biyu, yana da tsabta? Na uku, zai riƙe abin da aka zuba, kuma zai sake amfani gobe? Sai bayan waɗannan ne a ke duban koren ganyen da aka zana a jikin kwali. Masu kamfani da ke tsammani da launin kore za a saye zuciyar mace, ba su san matan zango ba. Kuma da na bincika, sai na tarar ma'aunin nan nasu ya fi kusa da gaskiya bisa ga abin da a ke rubutawa a jikin kaya. Ga dalilai.

Kofin takarda da mu ke shan shayi da shi ba takarda ba ne zalla. An shafe cikinsa da siririyar roba don kada ya jiƙe, wannan kuwa shi ke sa sake sarrafa shi ya yi wuya.

Ledar da a ke rubuta wa "mai ruɓewa" iri-iri ce. Akwai wadda a ke yi da sitacin masara, ita kuwa ba ta ruɓewa sosai sai an kai ta wurin yin taki na musamman inda zafi ya kusa digiri 60. In aka yar da ita a bola ko a teku, sai ta daɗe tana nan. Akwai kuma wadda leda ce sak, an dai zuba mata wani magani da ke sa ta farfashe ta zama gari. Ido ya daina ganinta, amma garin yana nan cikin ƙasa da ruwa. Tarayyar Turai ta hana irin wannan tun 2021.

Jakar yadi ma, da kowa ke yabo, tana da nata sharaɗi. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da wani lissafi cikin 2011, ta ce in an auna hayaƙi mai ɗumama duniya da a ke fitarwa wajen yin ko wace jaka, sai an yi amfani da ta takarda sau 3, ta auduga kuwa sau 131, kafin su rama abin da aka kashe wajen yinsu in an gwada da leda guda. Ni akawu ne, lissafi aikina ne. Mai zuwa kasuwa sau ɗaya a mako, sai jakarta ta yi shekara biyu da rabi kafin ta cika 131. Saboda haka wadda ta tara jakar yadi ashirin a bayan ƙofa, kullum ta manta ta sayi sabuwa, ba ta taimaki kowa ba. Wadda ta riƙe guda biyu, ta wanke, ta ɗinke in sun yage, ita ce ta yi aiki.

Kuma kada wani ya ce to sai mu koma ƙunshe tsire da ƙosai a tsohuwar jarida kamar yadda a ke yi a gida. Tawadar buga jarida ba a yi ta don ciki ba, mai da zafi kuwa suna jawo ta cikin abinci.

Ashe ke nan mazubin da ya fi ko wanne shi ne wanda aka fito da shi daga gida, aka kuma koma da shi gida. Da tsohuwar zuma a ke magani. Mutanen ƙasar nan ma haka iyayensu suka yi. Wanda ya shiga gidan tarihi na Shindagha, a bakin mashigin ruwan Dubai, zai ga yadda kakanninsu suka rayu da abin da itacen dabino ya ba su. Da ganyensa matansu ke saƙa kwandon da su ke kira jafir, da 'yar tabarmar cin abinci mai da'ira da su ke kira sarud, da murfin rufe abinci. In ka gan su sai ka rantse faifai da kwandon kaba ne daga kasuwar Kurmi.

Yanzu sai na juyo kanmu, mu maza, ban kuwa cire kaina ba. Mu ne masu tsayawa bakin hanya mu sha shayin karak sau uku a yini, ko wane da sabon kofi. Mu ne masu buga waya a kawo mana abincin rana ofis, loma goma ta zo da mazubi uku da cokali da leda. Sa'an nan mu dawo gida mu ce mata ke cika kwandon shara. Kai, jama'a, a ji tsoron Allah! Wanda ke son matarsa ta sayi abin da ya fi tsada don ba ya ɓata ƙasa, sai ya ƙara kuɗin cefane. Wanda ke son a koma ga kwano da kula, sai ya tuna da maganar Hajiya, cewa kwano da wanke-wanke ya ke tafe. In an ɗora wa mace wannan ita kaɗai bayan ta dawo daga aiki a gajiye, lalle za ta koma ga abin yarwa, ba kuwa mai ganin laifinta. 'Ya'yanmu maza ba hannunsu zai guntule ba in sun taɓa soso da sabulu.

Daga ƙarshe ga shawara, wadda na ke roƙon shugabanninmu su sa cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa. Inda mu ke tara shara mafi yawa shi ne wajen hidimominmu, suna da walima da buɗa-baki da taron salla. A ce taro ɗaya mutum 100, ko wane da faranti da kofi da cokali da mazubin tafiya da saura gida, abu 400 ke nan. In mun taru sau goma a shekara, 4,000. Duk kuwa da kuɗinmu a ke saye, a yar kafin gari ya waye. Me zai hana mu haɗa kuɗi sau ɗaya, mu sayi manyan tire da kofuna da cokulan ƙarfe da manyan kula, su zama kayan jama'a? Mai hidima ya zo ya ara, ya wanke, ya mayar. Mai son tafiya da saura ya zo da kwanonsa, kamar yadda iyayenmu ke yi a zango ba tare da jin kunya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni na ɗauki nauyin riƙe littafin shiga da fita kyauta, tun da aikina ke nan.

Amma fa da sharaɗi guda. Kada maza su zauna su kaɗai su yanke irin kayan da za a saya. A kira mata, su fara magana, su ne kuma za su je kasuwa su zaɓo. In muka bar abin a hannunmu, wallahi za mu sayo mai koren ganye a jiki, miya ta zube a hanya.

Mu baƙi ne a ƙasar nan, ko da ya ke waɗansunmu a nan aka haifi 'ya'yansu da jikokinsu. Kyan baƙo ya bar masauki da tsabta. Kuma waɗanda za su koma gida hutu, in za a sayo wa dangi turare da atamfa, a haɗa musu da wannan magana, gama kwalbatin Nima da na Fagge sun fi hamadar Dubai bukatarta.

Da muka komo daga kasuwa ran nan, uwargida ta juye kifi, ta ajiye kwanon a gabana ba ta ce kome ba. Na dube shi, ya dube ni. Na naɗe hannun riga.

Maganar haya sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, musamman iyayenmu mata, ya rubuto wa Edita, za a buga. Allah ya sa mu dace, amin.

Naku,
Akawu